Tsimin Wuta: Yadda Ƙananan Ma'aunai Ke Shekara Goma a Daji da Batir Ɗaya

A gaɓar jihar Maine, can arewa maso gabashin Amurka, akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Great Duck, wanda dubban wasu 'yan tsuntsayen teku baƙaƙe suka mayar gidan haihuwarsu. Tsuntsaye ne masu gudun mutane ƙwarai, suna wuni a bisa ruwa, ba su sauka tudu sai dare ya yi, kuma maimakon sheƙa a kan itace rami suke tonawa a ƙasa, macen ta saka ƙwai ɗaya tak, ita da namijin su riƙa karɓa-karɓar kwanci har Allah ya sa a ƙyanƙyashe. Malaman ilmin halittu na wata kwaleji da ke kusa, mai suna College of the Atlantic, sun daɗe da ƙishin sanin abin da ke gudana cikin ramukan nan, wato ɗuminsu da laimarsu da sa'o'in da tsuntsu ke ciki ko ya fita, amma sai mas'alar ta zame musu gaba kura baya sayaki, domin wanda duk ya zura hannu rami don ya auna ya firgita mai gidan, kuma tsuntsun da aka matsa wa yakan yi ƙaura ya bar ƙwansa ya huce.

A lokacin zafi na shekarar 2002 sai waɗansu masana na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, tare da ɗakin binciken kamfanin Intel na garin, ƙarƙashin jagorancin David Culler, suka kai 'yan na'urori 32 tsibirin, kowace girmanta bai wuce na ƙananan batura biyu irin na rimot da ke riƙe da ita ba, tana da ma'aunin zafi da na laima da ɗan rediyon da za ta aika abin da ta auna, suka cusa waɗansu cikin ramuka, suka ajiye waɗansu a waje, suka koma gida suna karanta labarin tsuntsaye ta intanet. Da shekara ta zagayo suka kai wajen 150. Raɓa da ruwan sama sun kashe waɗansu tun ba a je ko'ina ba, wannan kuwa illa ce ta akwati, maganinta a hannun maƙeri yake. Abin da ya fi ba da ilmi shi ne makomar waɗanda ruwa bai taɓa ba: na'urorin da aikinsu su farka, su auna, su aika kai tsaye, su koma barci, sun daɗe, amma waɗanda aka ɗora wa ɗaukar saƙon maƙwabta su miƙa gaba, waɗanda tilas su riƙa kasa kunne ko wani zai yi magana, baturansu sun riga na 'yan'uwansu mutuwa da rata mai yawa.

A nan ne sirrin wannan fanni duka yake, kuma ina roƙon mai karatu ya yi mini haƙuri da ɗan lissafi, domin hujja ba ta tsayuwa sai da mizani. Hankali yakan ba mutum cewa magana ita ke cin ƙarfi, saurare kuwa hutu ne, tun da haka abin yake ga ɗan Adam. Ga ƙaramin rediyo lamarin akasin haka ne. Akwai wata ƙwayar rediyo da ta shahara a wancan zamani, CC2420, ƙirar kamfanin Chipcon na ƙasar Nowe, wadda in tana aikawa da iyakar ƙarfinta takan zuƙi wuta kimanin miliamfa 17, in kuwa ta buɗe kunne kawai, ko da babu wanda ke ce mata uffan, takan zuƙi kusan 19. Batura biyu na rimot masu kyau suna ɗauke da abin da ya kai miliamfa 2,500 na sa'a guda. Raba wannan da wancan, sai ka ga rediyon da aka bari a kunne yana jiran magana zai shanye guzurinsa cikin sa'a 130, wato kwana biyar da 'yan kai. In aka sa ya farka kashi ɗaya cikin ɗari na lokacinsa, sauran duka yana barci, kwana biyar ɗin nan sun zama shekara ɗaya da rabi. Wanda kuwa ke neman shekara goma, wato sa'a 87,600, wajibi ne abin da na'urarsa ke ci, in an haɗa barci da farkawa an raba daidai, kada ya kai maikro'amfa 30, alhali maikro'amfa dubu ne ke yin miliamfa ɗaya. Batir a nan kamar salkar matafiyi ce a tsakiyar Sahara, wadda babu rijiyar da za a ƙara mata ruwa, kowane maƙurwa da lissafinsa.

To, barci ba wuya, kowane injiniya ya iya kashe rediyo. Wuyar ita ce yadda masu barci biyu za su yi zance, domin in mai magana ya farka ya tarar da mai saurare yana barci, maganarsa ta bi iska, wutar da ya ƙona ta tafi a banza. Abin da masana ke kira ƙa'idojin sadarwa, a wannan babi, ba kome ba ne illa ladubban da aka shimfiɗa wa na'urori domin warware wannan mushkila: wa zai yi magana, yaushe, ta wace kafa, kuma wa zai jira wa. An yi saɓani a kai shekara da shekaru, har aka sami mazhabobi, kowace da dalilanta.

Mazhaba ta farko ita ce ta wa'adi. A 2002 Wei Ye da John Heidemann da Deborah Estrin, su ma a Kalifoniya, suka fito da ƙa'idar da suka sa wa suna S-MAC, inda maƙwabta ke yin ittifaƙi a kan lokacin da duk za su farka tare, su yi abin da ya tara su cikin ƙiftawar ido, su koma barci tare. Tamkar kasuwar ƙauye ce mai ci mako-mako: ba wanda ke zaman rumfa kwana bakwai yana jiran mai saye, kowa ya san ranar, ya zo, ya watse. Aibin wannan tsari yana ga agogo. 'Yan agogunan da ke cikin irin waɗannan na'urori ba su tafiya daidai wa daida, kuskuren kashi 20 cikin miliyan abu ne da aka saba gani, wannan kuwa ya kusa sakan biyu a kowace rana, zafi da sanyi kuma suna ƙara shi. Saboda haka dole a riƙa ɓata wuta wajen aika saƙon daidaita agogo, ko da babu wani labarin da za a bayar.

Mazhaba ta biyu ta ce a bar wa'adi, a koma sallama. Joseph Polastre, wanda yana cikin waɗanda suka yi aikin tsibirin tsuntsaye, shi da Jason Hill da Culler suka kawo B-MAC a 2004: kowace na'ura ta yi barcinta, sai dai ta riƙa buɗe kunne ɗan mitsitsin lokaci a kai a kai, in ta ji shiru ta rufe, mai saƙo kuwa, kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, ya ja doguwar sallama wadda tsawonta ya zarce tazarar da ke tsakanin farkawa biyu, kamar baƙon da ya tsaya ƙofar gida da tsakar rana yana ta maimaita sallama har wani ya farka daga ƙailula ya amsa. Nauyin ya tashi daga kan mai saurare ya koma kan mai magana, kuma inda magana ba ta da yawa wannan riba ce babba. Amma sallamar ba ta ta da mai gida shi kaɗai, duk unguwa takan farka, kowa ya zauna yana jira har a faɗi sunan wanda ake nema, sannan ya gane ba da shi ake ba. Sai a 2006 masana na Jami'ar Colorado suka gyara da X-MAC, suka yayyanka sallamar gutsi-gutsi, kowane gutsure ɗauke da sunan wanda ake nema, da ɗan shiru a tsakani domin ya amsa a taƙaita.

Kada mai karatu ya zaci abin da ya yi kyau a takarda haka yake yi a gona. A 2005 masanan Jami'ar Delft sun shuka na'urori kimanin ɗari a wata gonar dankalin Turawa a arewacin Holan, domin su riƙa auna laima da zafi a gane lokacin da cutar ruɓar ganye ke shirin kamawa, kuma suna amfani da ƙa'idarsu ta T-MAC, wadda gyara ce ga S-MAC. Abin da ya iso hannunsu bai wuce kashi biyu cikin ɗari na awon da aka yi ba, saboda kurakuran manhaja da ganyen da ya girma ya tare rediyo da sauran abubuwan da ba a hanga ba. Suka rubuta labarin faɗuwarsu dalla-dalla suka buga wa duniya, ni kuwa ina ganin wannan gaskiya da suka faɗa ta fi amfanar ɗalibai bisa nasarori da yawa da aka yi ta yayatawa.

Inda mazhabar wa'adi ta kai matuƙa shi ne hannun Kris Pister, malamin Berkeley da tun 1997 yake mafarkin ma'aunai ƙanana kamar ƙura. Kamfaninsa Dust Networks ya yanka lokaci gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, aka rubuta jadawali wanda ya ce wane zai yi wa wane magana a gunduwa kaza, ta kafa kaza daga cikin kafofi 16, kuma kowane karo a sauya kafa, domin in wani injin ya toshe ɗaya da hayaniya a wuce ta wata. Wanda ba ya cikin jadawalin wannan gunduwa barcinsa yake yi hankali kwance. Wannan tsari ya shiga ƙa'idar masana'antu ta WirelessHART a 2007, sannan ya shiga ƙa'idar IEEE 802.15.4e a 2012, kuma shi ake dogara da shi a matatun mai da manyan masana'antu, inda ɓatan saƙo ɗaya kan iya jawo hasara. Duk da haka, ko wace hanya aka bi, muddin na'urori na miƙa wa juna saƙo hannu da hannu, akwai zaluncin da tsarin kansa ke haifarwa: waɗanda ke kusa da babbar tasha su ke ɗaukar kayan kowa, su ke fara mutuwa, kuma da sun mutu na bayansu sun yanke, ko da baturansu cike suke.

Maganin wannan ya zo daga Faransa, kuma ta wata fuska dabam. Nicolas Sornin da Olivier Seller, sannan François Sforza da ya haɗu da su, suka kafa ɗan kamfani mai suna Cycleo a Grenoble a 2010, da nufin karanta mitocin ruwa da gas da lantarki daga nesa, suka ce maimakon na'ura ta kama maƙwabta da aike, me zai hana muryarta ta kai babbar tasha kai tsaye, ko da kilomita da yawa ne? Hikimarsu tana cikin siffar sautin. Alal misali, a ce kana tsakiyar kasuwar Kurmi rana ta take, in wani ya yi maka magana daga nesa ba za ka ji ba, amma in ya ja dogon fito wanda ke tashi daga ƙasa yana hawa sannu a hankali, kunnenka zai tsince shi cikin hayaniya, domin babu wani abu a kasuwar da ke da wannan siffa. Haka fasaharsu mai suna LoRa take: kowane gutsuren saƙo fito ne mai hawa, ma'anarsa tana ga inda ya faro, kuma mai karɓa yana iya gane shi ko da hayaniyar iska ta fi shi ƙarfi har ninki ɗari. Matakan jan fiton daga 7 ne zuwa 12, kowane mataki ya ninka tsawon na bayansa. Gajere ya yi sauri amma ba ya nisa, dogo ya yi nisa amma saƙon da gajere zai gama cikin kashi ɗaya cikin ashirin na sakan shi sai ya haura sakan guda, rediyo kuwa yana ƙona wuta duk tsawon lokacin. Kamfanin Semtech na Amurka ya sayi Cycleo a 2012, kuma a 2015 aka kafa ƙungiyar LoRa Alliance, aka fitar da ƙa'idar LoRaWAN.

Ladabin da wannan ƙa'ida ta ɗora wa mafi yawan na'urori shi ne mafi ƙana'a da na sani. Na'ura ba ta sauraren kowa. In tana da labari ta farka ta faɗa, duk tashar da ta ji ta miƙa ta intanet. Bayan sakan ɗaya ta buɗe kunne ɗan kaɗan ko akwai amsa, in babu ta sake buɗewa a sakan na biyu, daga nan ta koma barci, kuma ko sarki ne ke da umarni gare ta sai ya jira ta sake farkawa don kanta. Tashar ce kaɗai ba ta runtsawa, ita kuwa tana da wutar gari ko faifan hasken rana, kamar zauren mai unguwa da ba a rufewa, wanda ya zo daga ƙauye ya isar da saƙo, ya ɗan dakata, ya kama hanya. Asalin wannan dabara ta faɗi-in-kana-da-magana tsohuwa ce, Norman Abramson ya fara ta a Jami'ar Hawayi da tsarin ALOHA a 1971, kuma tun a lokacin lissafi ya nuna iyakarta: in masu magana suka yi yawa suna karo da juna, abin da ke isa lafiya ba ya wuce kashi 18 cikin ɗari na abin da kafar za ta iya ɗauka. Shi ya sa a Turai, inda ake aiki a zangon megahaz 868 wanda ba a biyan lasisi, doka ta taƙaita yawancin na'urori ga kashi ɗaya cikin ɗari na lokaci, wato sakan 36 a sa'a. A 2015 Wienke Giezeman da abokansa suka rufe birnin Amstadam da tashoshi goma kacal cikin 'yan makonni, mutanen gari ne suka ɗora su a kan rufin gidaje da ofisoshi, aka kira abin The Things Network. Bayan shekara biyu har an dasa irin waɗannan na'urori cikin ƙahon karkanda a gandun dajin Mkomazi na Tanzaniya, domin masu gadi su san inda dabbar take ba tare da an riƙa kama ta ana sauya batir ba.

Akwai wasu hanyoyi biyu da suka yi takara da wannan. Sigfox, wanda Ludovic Le Moan da Christophe Fourtet suka kafa kusa da Tulus, ya kai tsimi ƙarshe: saƙo ba ya wuce abin da ya yi daidai da harafi 12, kuma ba a aika fiye da 140 a rana. NB-IoT kuwa, da aka kammala ƙa'idarsa a 2016, yana hawa turakun kamfanonin wayar salula ne, da izinin na'ura ta yi dogon barci ba tare da an share sunanta daga rajista ba. Dukansu suna aiki. Amma a nan wata mas'ala ta taso wadda ba ta lantarki ba ce, ta amana ce, domin wanda ya binne na'ura da niyyar shekara goma ya ƙulla alkawari ne da mai tashar har shekara goma. A Janairun 2022 Sigfox ya shiga hannun kotun kasuwanci saboda bashi, sai a Afrilu kamfanin UnaBiz na Singafo ya saye shi ya ceci masu hulɗa da shi. NTT Docomo na Japan ya rufe hidimarsa ta NB-IoT a 2020. Ko LoRaWAN ma bai tsira ba, Bouygues na Faransa ya sanar da janye hannunsa daga gare ta; sai dai bambancin shi ne, mai LoRaWAN in aka rufe masa tasha yana iya sayen tasa ya kafa a bisa tankin ruwa, sauran kuwa ba su da wannan mafita. Saboda wannan dalili kaɗai, in ƙungiyar manoma ko hukumar madatsar ruwa ta nemi shawarata, ga LoRaWAN zan karkata.

Na ambaci madatsar ruwa da gangan. Wanda ya ga abin da Binuwai da Kwara suka yi a 2012 da 2022, ko yadda ruwa ya ci unguwannin Yamai a 2020, ko yadda madatsar Alau ta ɓalle wa Maiduguri a Satumban 2024, ya san darajar sa'a guda ta gargaɗi. Ma'auni ba ya gyara bangon da aka yi sakaci da shi, kuma ba ya ta da jami'in da bai damu ba. Abin da yake yi shi ne ya faɗi tsayin ruwa kowane rubu'in sa'a daga wurin da babu wuta, babu hanya, babu mai zuwa da damina, kuma irin wannan ɗan gajeren labari shi ne ainihin abin da aka ƙera waɗannan ƙa'idoji dominsa. Haka laimar ƙasa a filayen noman rani na Kadawa, haka zurfin ruwa a rijiyoyin burtsatse.

Sai dai akwai sharaɗin da 'yan kasuwa ba su cika faɗa ba, kuma ya shafe mu fiye da kowa. Shekara goma da ake rubutawa a jikin kwali lissafi ne da aka yi bisa zato uku: cewa na'urar tana kusa da tasha har gajeren fito ya ishe ta, cewa saƙonta kaɗan ne a rana, kuma cewa tana zaune a yanayi mai sanyi-sanyi. Baturan litiyam masu bolt 3.6 da ake sa wa mitoci suna zubar da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsu a shekara ko ba a taɓa su ba, amma wannan a ma'aunin zafi 20 zuwa 25 ne, kuma ƙa'idar kimiyyar sinadarai ce cewa irin wannan zuba takan kusa ninkawa duk sa'ad da zafi ya ƙaru da daraja goma. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu inuwa ma takan haura 40, balle cikin baƙin akwati da aka ɗaure a jikin turke rana na dukansa tun hantsi. Na taɓa tsayawa a bakin wani tafki a ƙasarmu inda aka kafa irin wannan ma'auni da biki da jawabai, na tarar ya yi shiru tun bara, ba don ya lalace ba, batirinsa ne ya ƙare, kuma babu ko mutum ɗaya a garin da aka nuna wa yadda ake buɗe murfin, balle a ce an bar masa kuɗin sabo. Abin ya tsaya mini a rai har yau, domin mutanen wurin sun ɗauka akwai mai tsaronsu, alhali babu.

Saboda haka, ya ku shugabannin hukumomin ruwa da na aikin gona, da malaman injiniya na jami'o'inmu daga Zariya zuwa Kano zuwa Yamai, in an kawo muku irin waɗannan na'urori, kafin ku sa hannu ku tambayi mai kawowa a wane zafi ya yi lissafin shekarunsa, saƙo nawa a rana, da wane matakin fito, kuma tashar ta wace ce in ya tafi. Ku sa akwatin ya zama fari, a yi masa rumfa, a sa na'urar ta riƙa faɗin ƙarfin batirinta tare da awon da take aikowa, a kuma rubuta sunan wanda zai hau babur ya je ya sauya shi, da inda kuɗin mansa zai fito. Ku ba ɗalibanku na'urori goma su ɗaure a rana a Sakkwato tun daga Maris har ruwa ya sauka, su auna abin da batir ya ci, su buga sakamakon kowa ya gani, mai daɗi da marar daɗi, kamar yadda mutanen Delft suka yi da gonar dankalinsu.